Komawa bakin aiki bayan naƙasa: yaushe ake rage kuɗin tallafi, yaushe ba a taɓa shi?

Ga ma'aikacin da ciwo ko haɗari ya zaunar da shi a gida, ranar da aka yi masa tayin sabon aiki rana ce ta murna da fargaba. Yana murna domin zai sake fita da safe kamar kowa. Yana fargaba domin kuɗin da asusu ke ba shi duk wata su ne ke riƙe da gidansa, kuma ya sha jin cewa da zarar an gan shi a wurin aiki za a toshe wannan kafa. Idan mutumin ɗan Nijar ne mazaunin Faransa, fargabar ba a can kaɗai take tsayawa ba. Tana isowa har Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, inda wani kaso na kuɗin ke zama buhun hatsi, kuɗin makarantar yara ko maganin tsohuwa. Shi ya sa shawarar da ƴan uwa kan bayar ta waya ba ta wuce ɗaya: ya yi zamansa, kada garin neman gira a rasa ido.

Dokar Faransa ba haka ta tanada ba. A mafi yawan lokuta, naƙasasshen da ya koma aiki yana ƙare wata da kuɗi fiye da wanda ya zauna. Sai dai amsar ta danganta da irin kuɗin da mutum ke karɓa, domin iri uku ne, kowanne da dokarsa. Biyu daga cikinsu suna da takwarorinsu a nan Nijar, a asusun kare lafiyar ma'aikata da iyalansu, wato CNSS, saboda haka bayanin ya shafi ma'aikatan gida su ma.

Kuɗi iri uku da ake yi wa kuɗin goro

A bakin jama'a duka sunansu ɗaya: kuɗin naƙasa. A takarda kuwa sun sha bamban.

Na farko shi ne diyyar haɗarin aiki, wadda ake kira rente da Faransanci. Ana ba da ita ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko a hanyarsa ta zuwa aiki ko dawowa, ko wanda sana'arsa ta jawo masa cuta, kuma raunin ya bar masa tabo na dindindin.

Na biyu shi ne fanshon naƙasa, pension d'invalidité. Wannan na ma'aikacin da ya yi zubi a asusu ne, sannan wata cuta ko wani haɗari da ba su da nasaba da aikinsa suka rage masa ƙarfin nema da aƙalla kashi biyu cikin uku. Asusun inshorar lafiya ne ke biyan sa, shi ne kuma ke biyan diyyar haɗarin aiki.

Na uku shi ne tallafin naƙasassu manya, AAH, wanda aka kafa a shekarar 1975. Ba a buƙatar mutum ya taɓa yin zubi kafin ya samu. Kuɗin baitulmali ne, asusun tallafin iyali na CAF ke raba shi, bayan ofishin kula da naƙasassu na yanki, MDPH, ya tantance mutum.

Na farko yana biyan abin da jiki ya rasa, na biyu yana maye gurbin albashin da ya salwanta, na uku kuma yana hana mutum faɗawa cikin talauci. Daga wannan bambancin manufa ne dokokin komawa aiki suka samo asali. Wanda bai san rukuninsa ba sai ya duba sunan ofishin da ke turo masa kuɗi da kuma takardar da aka ba shi ranar da aka amince da buƙatarsa.

Diyyar haɗarin aiki: albashi ba ya taɓa ta

Wannan ita ce mafi sauƙin fahimta. Bayan raunin ya daina canzawa, likitan asusu yana auna yawan naƙasar da ta rage, ya ba ta maki cikin 100. Idan makin bai kai 10 ba, ana biyan mutum dunƙulallen kuɗi sau ɗaya. Daga 10 zuwa sama kuwa, ana biyan sa a kai a kai har iya rayuwarsa.

A tsarin lissafin da aka daɗe ana aiki da shi, ana raba makin gida biyu matuƙar bai wuce 50 ba, abin da ya haura 50 kuma a ninka shi sau ɗaya da rabi. Maginin da ya faɗo daga bene aka ba shi maki 30 zai riƙa karɓar kashi 15 cikin 100 na albashinsa na shekara. Wanda aka ba maki 70 zai samu 25 daga hamsin ɗin farko, da 30 daga ashirin ɗin da suka haura, jimilla kashi 55 ke nan.

Ko maginin nan ya koma tsohon kamfaninsa, ko ya samu aikin gadi, ko ma sabon albashinsa ya zarce na da, diyyar tana nan yadda take. Dalili shi ne yatsun da injin ya cinye ba su dawo ba don an ƙara wa mutum albashi. Abin da kaɗai ke canza ta shi ne yanayin jikin: idan raunin ya tsananta, mutum na da damar neman a sake auna shi a ƙara masa, idan kuma ya samu sauƙi sosai, asusu na iya rage makin. Hukuncin na likita ne, takardar albashi ba ta shiga ciki.

Fanshon naƙasa: akwai iyaka, amma ba katanga ba ce

Fanshon naƙasa yana da aji uku. Ɗan aji na ɗaya, wanda ake ganin yana iya taɓa wani aiki, yana karɓar kashi 30 cikin 100 na matsakaicin albashinsa a shekaru goma mafi kyau da ya yi. Ɗan aji na biyu yana karɓar kashi 50. Ɗan aji na uku shi ma kashi 50 ne, da ƙarin kuɗi na mai jinya, domin ba ya iya hidimar kansa ta yau da kullum sai da taimakon wani.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne zaton cewa an haramta wa ɗan aji na biyu yin aiki. Babu wannan hani a doka. Ajin yana tsayar da yawan kuɗin da za a biya ne kawai. Idan likitan ma'aikata ya ga mutum zai iya wani aiki, yana da damar yin sa.

Abin da doka ta sa shi ne ma'auni. Ana haɗa fanshon da sabon albashin na watanni goma sha biyu, a gwada su da abin da mutum ke samu kafin ya kwanta. Ana duba adadi biyu, albashin shekarar ƙarshe kafin ya daina aiki da matsakaicin shekaru goman nan, sai a ɗauki wanda ya fi yawa, wato wanda ya fi amfanar ma'aikacin. Matuƙar jimillar ba ta wuce wannan ma'auni ba, ba a rage ko sisi.

Kafin shekarar 2022, duk abin da ya haura ma'aunin ana zare shi gaba ɗaya daga fansho, ta yadda ƙarin awoyin aiki ba sa ƙara wa mutum komai. Tun daga ranar 1 ga watan Afrilun 2022 aka sauya: rabin rarar kawai ake cirewa.

A ɗauki misalin direban da albashinsa ya kasance yuro 2000 a wata, kimanin miliyan ɗaya da jika 312 na sefa, tun da yuro ɗaya daidai yake da sefa 655,957. Ciwon zuciya ya hana shi tuƙi, aka sa shi a aji na ɗaya, yana karɓar yuro 600 a wata. Ma'auninsa na shekara yuro 24 000 ne. Idan ya samu aikin ofis mai albashin yuro 1200, jimillar shekara za ta kama 21 600. Bai kai ma'auni ba, saboda haka fanshonsa na nan cif, kuma abin da ke shigo masa a wata ya tashi daga 600 zuwa 1800. Idan aka ƙara masa awoyi albashin ya kai 1600, jimillar ta zama 26 400, rarar 2400 ke nan. Rabinta, 1200 a shekara, shi ne za a cire, wato yuro 100 a wata. Fanshon ya koma 500, amma da albashi direban na da 2100. A tsohuwar doka, da 2000 zai tsaya.

Sauyin na 2022 ya zo da ƙorafi daga masu babban albashi, domin an sa wa ma'aunin kansa rufin da ba ya wucewa, lamarin da ya sa wasu suka ga fanshonsu ya ragu ko ya tsaya. A 2023 gwamnati ta ɗaga rufin da rabin yadda yake. Wannan matsala ba ta shafi masu ƙaramin albashi ko matsakaici ba.

Ragin da albashi ya jawo ba na har abada ba ne. Idan aikin ya ƙare ko albashin ya sauka, ana sake lissafi fanshon ya dawo. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne hukuncin likitan asusu. Fanshon naƙasa na wucin gadi ne a idon doka, kuma idan likitan ya ga ƙarfin neman mutum ya dawo ya haura kashi 50 cikin 100, ana iya dakatar da shi ko a soke shi. Ƙofofi biyu ne ke nan daban, ɗaya ta lissafi, ɗaya ta lafiya, kuma bai kamata a gauraya su ba.

Akwai kuma batun shekaru. A shekara 62 fanshon naƙasa kan rikiɗe ya zama fanshon ritaya. Amma wanda ke aiki a lokacin yana iya ci gaba da aikinsa da karɓar fanshon naƙasar har ya ajiye aikin, muddin bai wuce shekara 67 ba.

Tallafin AAH: watanni shida na farko, sannan rangwame

Tallafin AAH na mutanen da makin naƙasarsu ya kai 80 ne, ko kuma waɗanda ke tsakanin 50 da 79 idan kwamitin tantancewa ya tabbatar naƙasar na yi musu babban tarnaƙi mai ɗorewa wajen samun aiki. Baƙo ɗan wata ƙasa kamar Nijar yana da haƙƙi a kai idan yana da takardar izinin zama mai inganci. A watan Afrilun 2025 cikakken tallafin ya kai yuro 1033 da ƴan kai a wata, kimanin jika 678. Cikon gibi ne: wanda ke da fansho ko diyyar da ba ta kai wannan adadi ba, ana cika masa ne kawai.

Tun da tallafin ya dogara da abin da mutum ke samu, albashi yana shiga lissafinsa. Amma ba nan take ba, kuma ba gaba ɗayansa ba. Wanda ya fara aiki a kamfani na kowa da kowa yana haɗa cikakken tallafi da cikakken albashi na tsawon watanni shida. An yi haka ne domin mutum ya gwada ƙarfinsa ba tare da ya yi asara ba.

Bayan watanni shidan sai a fara lissafi da rangwame. Ana raba albashin kashi biyu. Kashin farko shi ne abin da bai wuce kashi 30 cikin 100 na mafi ƙarancin albashin ƙasar ba. A 2025 mafi ƙarancin albashin ya kasance yuro 1801,80 a wata kafin cire zubi, saboda haka kashin farkon ya kama kimanin yuro 540. A cikin wannan, kashi 20 cikin 100 kaɗai ake lissafawa. Abin da ya haura kuma, kashi 60 ake lissafawa.

Ga yadda abin yake ga matar da ke karɓar cikakken tallafi, ba ta da wata hanyar samu, sai ta sami aikin karɓar baƙi mai albashin yuro 800. Daga 540 na farko za a lissafa mata kimanin 108. Daga 260 da suka rage za a lissafa kimanin 156. Jimilla 264, su ne za a cire daga tallafin, ya koma kusan 770. Idan aka haɗa da albashi, tana da kusan yuro 1570 a wata, maimakon 1033 da take samu a zaune. Bambancin ya haura yuro 500, fiye da jika 300. Ban da wannan, tana iya neman ƙarin da ake ba masu ƙaramin albashi, prime d'activité, wanda aka kafa a 2016. Masu aiki a cibiyoyin da aka keɓe wa naƙasassu kuwa, nasu lissafin daban yake.

Wani sauyi da ya shafi magidanta ya fara aiki ranar 1 ga watan Oktoban 2023: an daina lissafa albashin miji ko mata wajen tsayar da tallafin. A da, idan matar naƙasasshe ta samu aiki, ana iya rage wa mijin tallafinsa ko a tsayar da shi, ya koma sai abin da ta ba shi. Ƙungiyoyin naƙasassu sun yi shekaru suna fafutukar kawar da wannan.

Sai dai masu maki 50 zuwa 79 suna da abin lura na musamman. Tallafinsu ya rataya ne a kan cewa naƙasar na hana su samun aiki, kuma na ɗan lokaci ake ba su, daga shekara ɗaya zuwa biyar, sannan a sabunta. Ƙa'idar da aka tsayar a 2011 ta ce aikin da bai kai rabin lokaci ba ba ya rushe wannan sharaɗi. Wanda ya kama aikin rabin lokaci ko fiye, ya kuma ɗore a kansa, kwamitin na iya cewa tarnaƙin ya kau ranar da ya zo sabuntawa. Masu maki 80 zuwa sama ba su da wannan damuwa, kuma tun 2019 ana ba waɗanda naƙasarsu ba mai warkewa ba ce tallafin ba tare da wa'adi ba. Don haka kafin sa hannu a kwangilar aiki, ya dace mutum ya san makinsa da ranar da wa'adinsa zai cika.

Inda aka fi faɗawa rami

Abin da ya fi jefa mutane cikin wahala ba aikin ba ne, shirun da suke yi a kansa ne. Mai karɓar AAH da ke aiki dole ne ya cike takardar bayanin abin da ya samu duk wata uku. Mai fanshon naƙasa shi ma wajibi ne ya sanar da asusun inshorar lafiya cewa ya koma aiki, ya kuma riƙa cike takardar da ake turo masa. Kamfanoni suna aika bayanan albashi ga hukumomi duk wata, ofisoshin kuma suna gwada bayanansu da na haraji, saboda haka ramin ƙarya ƙurarre ne.

Idan aka gano an biya mutum fiye da haƙƙinsa, asusun tallafin iyali yana da damar komawa baya shekara biyu ya nemi a mayar masa da rarar, ko shekara biyar idan ya tabbata da gangan aka ɓoye, ban da tara. Galibi daga tallafin watanni masu zuwa ake zaftarewa, wato daidai lokacin da gida ya saba da wani adadi sai a ga ya ragu.

Aikin bayan fage, wanda ba a rubuta mutum a ko'ina ba, ya fi wannan muni. Wanda ya zaɓe shi don kare tallafinsa ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago: ba ya tara komai don ritaya, ba shi da takardar albashin da zai nuna, kuma idan ya sake jin rauni, sai ya sha fama kafin ya tabbatar cewa a bakin aiki abin ya same shi.

Rami na uku ya shafi masu zuwa ganin gida. AAH na mazauna Faransa ne. Wanda ya yi fiye da watanni uku a wajen ƙasar cikin shekara, ba a biyan sa sai na cikakkun watannin da ya yi a can. Mutumin da ya zo Tawa ya yi damina gaba ɗaya har da kaka ba tare da ya sanar ba yana iya komawa ya tarar da takardar bashi tana jiran sa.

Gwaji kafin a tsunduma

Dokar ta buɗe hanyoyin da ma'aikaci zai bi ya koma sannu a hankali. Akwai komawa aiki na ɗan lokaci bisa umarnin likita, inda kamfani ke biyan awoyin da aka yi, asusun inshorar lafiya kuma ya cika wani kaso na abin da ya rage. Akwai gwajin aiki na kwanaki 14, wanda ake iya sabuntawa sau ɗaya, mutum na cikin hutun jinyarsa yana kuma karɓar kuɗinsa. Wanda jinyarsa ta wuce kwana 30 yana iya neman ganin likitan ma'aikata tun kafin ranar komawa, domin a shirya sauya masa wurin zama, kayan aiki ko awoyi.

Idan likitan ma'aikata ya ce mutum ba zai iya tsohon aikinsa ba, a ƙa'ida kamfani sai ya nema masa wani gurbin da ya dace da shi kafin a yi maganar sallama. Tun 1987 kuma doka ta ɗora wa duk kamfanin da ke da ma'aikata 20 ko fiye nauyin cewa kashi 6 cikin 100 na ma'aikatansa su kasance naƙasassu, in ba haka ba ya biya kuɗi a madadin. Wannan ya sa takardar shaidar ma'aikaci mai naƙasa, RQTH, wadda wasu ke ɓoyewa don kunya, takan zama abin da ke buɗe ƙofa.

Yadda lamarin yake a Nijar

Tsarin Nijar ya gaji abubuwa da dama daga na Faransa, amma bai kai shi faɗi ba. Asusun CNSS yana kula da ma'aikatan da ke ƙarƙashin dokar ƙwadago, ta rassa uku: tallafin iyali, haɗarin aiki da cututtukan sana'a, sai fansho na tsufa da naƙasa da na magada. Ma'aikatan gwamnati na dindindin suna da nasu tsarin daban.

Bambancin da aka yi bayani a sama yana nan. Diyyar haɗarin aiki, wadda mai kamfani ne kaɗai ke zuba kuɗinta, tana bin makin raunin da likita ya tsayar. Fanshon naƙasa kuwa yana da ma'anar da ta rataya kai tsaye a kan abin da mutum zai iya samu: naƙasasshe a idon asusun shi ne wanda raunin jiki ko na ƙwaƙwalwa ya hana shi samun fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da takwaransa mai irin horonsa ke samu. Ana buƙatar mutum ya yi aƙalla shekara biyar da rajista, ya kuma yi zubin wata shida cikin watanni goma sha biyun da suka gabaci naƙasar, sai dai idan haɗari ne ya jawo ta. Ana iya sake duba fanshon, kuma yana komawa na tsufa idan mutum ya cika shekara 60.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan takwarorin wani makanike suna samun jika 90 a wata, kashi ɗaya cikin uku jika 30 ne. Ƙaramin aikin da ke kawo masa ƙasa da haka bai fitar da shi daga ma'anar ba. Cikakken aiki mai cikakken albashi kuwa hujja ce da za ta iya sa a sake duba matsayinsa. Mai hankali zai je ofishin asusun na jiharsa da takardar fanshonsa da tayin aikin, ya nemi a ba shi amsa a rubuce kafin ya fara.

Babban gibin shi ne na waɗanda ba su cikin tsarin sam: manoma, makiyaya, ƴan kabu-kabu, ƴan tireda, masu sana'ar hannu, da ma'aikatan da iyayen gidansu ba su taɓa yi musu rajista ba. Su ne mafi rinjaye, kuma babu tallafin wata-wata irin AAH da ke jiran su. A wurinsu tambayar ba ta rage tallafi ba ce, ta samun aikin ce. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, dokokin ƙasar sun ware wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, an kuma kafa sabuwar doka kan shigar da su cikin harkokin rayuwa a 2019. Amma kaso a takarda ba ya zama albashi sai an bi shi, kuma diyya ba ta samuwa sai ga wanda sunansa ke cikin rajista tun kafin tsautsayi ya faɗa. Duk ma'aikacin kamfani, ko da lafiyarsa ƙalau, ya kamata ya san lambarsa ta asusu, ya kuma tabbatar ana zuba abin da ake cirewa daga albashinsa.

Ga iyalin da ɗan uwansu ya kira daga Faransa yana neman shawara kan tayin aiki, tambayoyi huɗu sun fi amfani da a ce masa ya zauna: wane irin kuɗi yake karɓa cikin ukun, makinsa ko ajinsa nawa ne, awa nawa aikin zai ci a mako, kuma ya sanar da asusun ko bai sanar ba. Idan ya amsa su, ma'aikacin jin daɗin jama'a na unguwarsa ko ofishin da ke biyan sa za su iya lissafa masa abin da zai riƙa samu tun kafin ya sa hannu.